Tsohuwar Hita: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Biya Kuɗi

Da zarar hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai cinikin hitar dumama ruwan wanka ya tashi. A unguwar Akwatialine da ke Kumasi, matattarar 'yan gwangwan, ana samun tsofaffin hitoci jibge cikin ƙarafa. Wasu gyara kaɗan suke buƙata, wasu kuwa sun gama yayi. Falken da bai san bambancin ba, shi ke tafka asara.

Abu na farko shi ne tanki. Idan tsatsa ta huda shi har ruwa na ɗiga daga jikinsa, to kada a saye shi sai da farashin kilo. A cikin tankin akwai wani sandan ƙarfe da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon tankin. In ya cinye ba a sauya ba, tankin ne zai biyo baya.

Na biyu, idan ruwa ba ya zafi, galibi ƙarfen da ke dumama shi ne ya ƙone, ko kuma na'urar daidaita zafi ta mutu. Duka biyun ana sauya su. Hitar da ke ƙugi kuwa, farin dasashi ne ya taru a gindinta, musamman inda ake amfani da ruwan burtsatse.

Na uku, kada a kuskura a toshe bawul ɗin da ke rage matsin ruwa don yana ɗiga. Idan na'urar daidaita zafi ta lalace kuma an toshe shi, tankin na iya fashewa. Haka nan dole mai gyaran wuta ya haɗa wayar da ke kai wuta ƙasa, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji.

A duba rubutun jikinta. Gana da Nijeriya suna kan wuta mai ƙarfin 230, yayin da ƙananan hitocin Amurka da yawa na 120 ne.

Sai batun doka. Gana ta haramta shigo da tsofaffin firji tun 2008, kuma a 2022 ta kafa ƙa'idojin inganci da suka shafi hita mai tanki. Don haka a tambayi jami'an kwastan kafin a yi lodi. Rigakafi dai ya fi magani.