Gudun Fanfalaki Domin Masu Ciwon Daji

Waɗansunku sun taɓa ji a rediyo an ce mutane dubbai sun taru a Ikko ko a Landan sun yi gudun fanfalaki, wai domin masu ciwon daji. Duk mai hankalin da ya ji wannan lalle ya tambaya, shin gudun wani yaya zai warkad da ciwon wani? Tambayar kuwa daidai ta ke. Gudu ba ya warkad da kowa. Abin da ya ke yi shi ne ya tara jama'a, jama'a su tara kuɗi, kuɗin kuma a ba masu binciken magani. Ashe dai gayya ce, irin wadda ku ke yi wa maƙwabci in ciwo ya kwantad da shi da damina, sai dai ita wannan ba da fartanya a ke yin ta ba.

Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da ɗan ɗori. Kamar mutum ya tashi daga Birnin Kebbi ya zo Jega a guje ke nan, har da ƙari. An samo wannan awo daga tseren da aka yi a Landan cikin 1908. A 1960 wani sojan Habasha, Abebe Bikila, ya ci tseren a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa, cikin awa biyu da minti 15. Shi gwani ne. Mutum kamar ni da ku, in ya shirya sosai, ya kan yi awa huɗu ko biyar. A nan Nijeriya ana yin irinsa a Ikko tun 2016.

Wanda ya sa duniya ta haɗa wannan gudu da ciwon daji wani saurayi ne na ƙasar Kanada, sunansa Terry Fox. Yana da shekara 18 gwiwarsa ta dama ta kama ciwo. Da ya ke ya ɗan yi hatsarin mota watannin baya, sai ya zaci buguwa ce, ya daure ya ci gaba da wasan ƙwallo. Sai cikin watan Maris 1977, da ciwon ya hana shi sakat, aka duba aka tarar ciwon daji ne na ƙashi. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, aka sa masa ta roba da ƙarfe. Likitoci suka gaya masa cikin mutum ɗari masu irin ciwonsa, kamar hamsin su kan tsira, amma shekara biyu kafin nan 15 kaɗai su kan tsira, sabon magani ne ya kawo bambancin. Wannan magana ta zauna masa a rai. Ya yi wata 16 yana shan magani, yana ganin yara ƙanana a ɗakin jiyya, waɗansu su tashi, waɗansu a fita da su.

Da ya sami sauƙi bai tashi haka kawai ya ruga ba. Sai da ya yi wata 14 yana koyon gudu da ƙafar aro, tana goge masa dungulmin har jini ya fito, ya yi fiye da kilomita 5,000 a wajen koyo kaɗai. A 1979 ya shiga wani tsere don ya gwada kansa, ya zo na ƙarshe. Ran 12 ga Afrilu 1980 ya tsoma ƙafar robar a bakin teku a garin St. John's, ya fuskanci yamma, abokinsa na biye da shi a mota. Nufinsa ya ratsa Kanada daga wannan teku zuwa wancan, kowane mutumin ƙasar ya ba da dala ɗaya, su kuwa a lokacin miliyan 24 ne. Kusan kowace rana ya kan yi kilomita 42, cikin ruwa da iska da sanyi. Da fari ba wanda ya kula da shi. Daga baya garuruwa suka riƙa fitowa taryensa. Ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373, sa'an nan ran 1 ga Satumba tari da ciwon ƙirji suka tsai da shi kusa da garin Thunder Bay. Ciwon ya kai huhu. Kafin ya rasu ran 28 ga Yuni 1981 an riga an cika dala miliyan 24 ɗin. Tun daga wannan shekara a ke yin gudu da sunansa kowace shekara, abin da aka tara ya wuce dalar Kanada miliyan 800.

Bari in tsaya kan gwiwar nan tasa, domin ta shafe mu. Ƙasarmu ta yi suna wajen ɗori, daga nesa a ke kawo masu karaya Aliero, kowa ya sani. Amma ɗori na karaya ne da targaɗe. In yaro ko saurayi ya ce gwiwa ko cinya ko kafaɗa na masa ciwo, ciwon ya fi tsanani da dare, wurin yana ƙara kumburi mako bayan mako, ko kuwa ƙashi ya karye a kan 'yar faɗuwar da ba ta isa ta karya shi ba, to, wannan ba na matsa ba ne, ba na tsaga ba ne. A kawo shi ɗakin shan magani a rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a ɗauki hoton ƙashin. Haka nan mace mai ƙullutu a nono ko da ba ya zafi, da wadda ta ke ganin jini bayan saduwa da mijinta ko bayan ta daina al'ada, da dattijon da fitsari ke masa wuya, da gyambon da ya ƙi warkewa, da yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura haƙora suna girgiɗa. Galibin waɗannan in an duba ba ciwon daji ba ne. Amma ido ba ya rarrabewa, sai gwaji. Ciwon daji kuwa ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta cin abinci tare ko wanke wa majiyyaci tufafi, kada ku guje shi.

To, mene ne binciken da a ke tara wa kuɗin? Aiki ne na haƙuri, na mutanen da su ke zaune shekara da shekaru suna duba tsoka da jini a ƙarƙashin madubin likita, suna gwada magani, suna ƙidaya wa ya warke wa bai warke ba. Ga abin da ya haifar. Irin ciwon Terry Fox, yau a ƙasashen da ke da kayan aiki, in an gano shi kafin ya bazu, kamar bakwai cikin goma su kan tsira, yawancinsu kuma ba a yanke musu ƙafa. Kumburin muƙamuƙin yaran nan, wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Uganda cikin 1958, likitocin Badun na cikin waɗanda suka gwada magunguna a kansa, aka gane yana jin magani ƙwarai in an zo da wuri. Babba duka shi ne na bakin mahaifa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano a 1983 da 1984 cewa wata ƙwayar cuta ce ke jawo shi. Daga nan aka yi allurar rigakafi a 2006. Cikin Oktoba 2023 Gwamnatin Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta, sau ɗaya tak. Ciwon nan ya kama mata kamar 12,000 a ƙasar nan a 2020, ya kashe kamar 8,000. Ku lura, tsakanin gano ƙwayar da zuwan allurar ƙauyukanmu shekara arba'in ne. Abin da ya sa kuɗin bincike ba ya isa ke nan.

A jiharmu ma an san wannan aiki. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara ce, maigidanta ya yi Gwamnan Kebbi daga 2015 zuwa 2023, ita ta kafa Gidauniyar Medicaid ta yaƙi da ciwon daji. Gidauniyar ta yi shekaru tana fito da jama'a tattaki a Abuja cikin watan Oktoba, ana tara gudummawa domin gwaji da jiyyar marasa hali. A 2024 aka zaɓe ta ta gaji shugabancin babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, mai mazauni a Janeba, ita ce ta fari daga Afirka. Nasu tafiya ce, ba gudu ba, amma dabarar ɗaya ce.

Yanzu sai mu juyo ga samarinmu na Sabiyal da Aliero da Jega da Maiyama, waɗanda wannan labari zai sa su ce su ma za su yi. Madalla, amma ku saurara. Na san za ku ce wanda ya ke ɗaukar buhun albasa ya jefa a mota, wane gudu ne zai gagare shi? Ƙarfin ɗauka dabam, na dogon gudu dabam. Zuciya da huhu su kan saba da wuri, amma jijiyoyi da ƙasusuwan ƙafa suna da nawa, su ne su kan ba mai gaggawa kunya.

Da fari ka zo a auna jininka a saurari ƙirjinka. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai amosanin jini, da wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana cikin aiki, kada su fara sai likita ya yarda. Wanda bai taɓa gudu ba ya fara da sassarfa ta minti biyu, tafiya minti biyu, har rabin awa, sau uku a mako. Sai ya iya gudun kilomita goma ba tsayawa, sa'an nan ya shiga shirin sosai, wanda ya kan ci wata huɗu ko biyar. A cikin shirin ana gudu kwana uku ko huɗu a mako, ɗaya daga ciki dogo, sauran gajeru. Abin da ka yi wannan mako, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma a mako mai zuwa, kada ka zarce. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya hira da abokin gudunka ba ka haki. Dogon gudun ya riƙa hawa a hankali har ya kai kilomita 30 ko 32, ba a cika 42 sai ranar tsere. Saura mako biyu ko uku sai ka rage ƙwarai, jiki ya huta. Wannan hutu shi ne samari suka fi ƙi, suna ganin lalaci ne, alhali a cikinsa tsoka ke gyaruwa.

Babban abokin gabarku a ƙasar nan rana ce. Da bazara ma'aunin zafi ya kan wuce 40, gudu da hantsi a irin wannan lokaci neman mutuwa ne. Ku fita bayan sallar asuba, ku dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Lokacin sanyin hunturu ya fi kyau ga dogon gudu, sai dai ranar da ƙura ta rufe gari a haƙura. Da azumi a bar dogon gudu, a yi kaɗan bayan an sha ruwa. Mai zazzaɓi ya kwanta, kada ya ce zai kore shi da zufa. Ka sha ruwa in ka ji ƙishi, kada ka ɗura fiye da kima, in gudun ya wuce awa ɗaya a sa abokinka ya bi ka a keke da ruwan gishiri da sukari. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi maka kaɗan. In kun ga mai gudu ya fara tangaɗi, ko yana maganar da ba ta da kai, ku tsai da shi ko bai so ba, ku kai shi inuwa, ku kwara masa ruwa, ku yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti nan da nan.

Abinci ba sai na kanti ba. Tuwo, da shinkafa da wake, da fura da nono, da kifi, sun isa. Ƙwayoyin nan da a ke sayarwa a tasha wai suna hana gajiya, ɓoye gajiyar su ke yi har mutum ya faɗi, ku nisance su. Takalmi ya zama mai taushi, ya ɗan fi ƙafa kaɗan, kada a sa sabo ranar tsere. Abebe Bikila ya yi ba takalmi, amma ku kuna da ƙaya da fasassun kwalabe. Hanyar gona ta fi kwalta daɗi ga gwiwa. In dole sai kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ku bi gefen da za ku riƙa ganin motar da ke tahowa, ku sa farar riga.

Saura zancen kuɗi, shi ne mai ɓata zumunci. Hanyar da aka fi bi ita ce alkawari a kan kilomita. Misali, mutum ya ce zan ba ka naira 100 a kowace kilomita da ka gama. In ka cika 42, nasa naira 4,200 ke nan. In mutum hamsin suka yi haka, an sami naira 210,000. Tun kafin ka karɓi ko kwabo ka faɗa wa jama'a inda kuɗin za su, domin kuɗin bincike dabam, na jiyyar majiyyaci dabam, dukansu alheri ne, amma wanda ya ba da don wannan bai ba da don wancan ba. Ka zaɓi ƙungiya mai rajista, ko sashen ciwon daji na wani babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ka tafi ka tambayi yadda su ke karɓar gudummawa. Kuɗin motarka da takalminka daga aljihunka za su fito. Kai mai gudu kada ka riƙe kuɗin. A sami mutum biyu amintattu, ɗaya ya riƙe littafi, ɗaya ya riƙe kuɗi, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. In ciwo ya hana ka gamawa, a lissafta iyakar inda ka kai, ba abin kunya ba ne, Terry Fox ma bai kai ɗaya tekun ba. In an miƙa kuɗin a karɓo rasiɗi, a karanta shi a ƙofar Hakimi ko Dagaci a gaban waɗanda suka bayar, sa'an nan a manna shi a bangon ɗakin shan magani.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda mace za ta duba nononta da kanta sau ɗaya a wata. Ku gaya wa iyalinku su zauna kusa da rediyo. Mu kwana lafiya.