Yadda Ake Mayar da Binciken Jemagu da Sare Daji Ya Koma Sautin da Kunne Zai Ji

Masu bincike kan ɗaure ƙananan na'urorin naɗar sauti a jikin bishiyoyi su bar su kwana da kwanaki suna naɗar kukan jemagu. Daga wannan kukan ake gane ko daji yana nan da lafiyarsa ko sara da gobara sun taɓa shi. Sai dai sakamakon yakan ƙare a jadawali da zanen lissafi cikin mujallun jami'a, inda mutane kaɗan ne ke leƙawa. Shi ya sa wasu masu fasahar sauti suka fara ɗaukar irin waɗannan bayanai suna mayar da su abin saurare. A wannan darasi za mu ga yadda abin yake aiki tun daga makirfo har zuwa lasifika, da kuma yadda kai ma za ka iya gwadawa.

Me ya sa ba ma jin kukan jemage?

Sauti girgizar iska ce. Ana auna shi da yawan girgiza a sakan ɗaya, kuma girgiza 1,000 a sakan ita ake kira kilohaz ɗaya. Kunnen ɗan Adam yana ji daga girgiza 20 zuwa kusan kilohaz 20, kuma yana raguwa idan shekaru suka ja. Yawancin ƙananan jemagu masu cin ƙwari suna kuka sama da haka, wasu har sun wuce kilohaz 200.

Jemage yana fitar da ɗan gajeren kuka, sautin ya bugi bishiya ko sauro ya dawo, shi kuma ya gane nisan abin da girmansa daga amsa-kuwwar. Tun a shekarun 1790 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura cewa jemage yana tashi lafiya ko da ba ya gani. Amma sai wajen 1940 Donald Griffin da Robert Galambos a jami'ar Harvard ta Amurka suka tabbatar da sirrin, bayan an samu na'urar da ke kama sautin da ya fi ƙarfin kunne. Idan jemage ya kusa cafke ƙwaro, yakan hanzarta kukan har ya kai kusan sau 200 a sakan. Masu bincike suna ƙirga wannan alama don sanin inda jemagu ke samun abinci.

A lura, manyan jemagun nan masu cin 'ya'yan itace da muke gani sun yi cincirindo a kan bishiyoyi da rana, yawancinsu da ido da hanci suke aiki. Tsuwwarsu kuwa kowa yana ji.

Mece ce alaƙar jemage da lafiyar daji?

Akwai nau'in jemagu sama da 1,400 a duniya, kuma kukan kowanne ya dace da inda yake farauta. Wanda ke yawo a sararin sama yana yin kuka mai ɗan tsawo kuma mai kauri, don irin wannan sauti ya fi tafiya nesa. Wanda ke kutsawa cikin duhun ganye yana amfani da siririn sauti na can sama, wanda ke nuna masa ƙananan abubuwa na kusa amma iska ke saurin cinye shi. Idan aka sare daji, jemagun cikin duhuwa su ne sukan fara raguwa, na fili kuma su ci gaba da harkarsu. Ke nan sautin daren wurin yana canzawa, ko da kunnenmu bai sani ba.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin irin wannan nazari yana kusa da birnin Manaus a dajin Amazon na Brazil. A 1979 masanin halittu Thomas Lovejoy da abokan aikinsa suka fara wani gwaji, inda aka bar gutsattsarin daji masu girman hekta 1 da 10 da 100 a tsakiyar filayen kiwo, ana bibiyar abin da ke faruwa da halittun ciki, har da jemagu.

Wannan batu ya shafe mu ma. Jemagu masu shan ruwan fure suna cikin manyan masu ɗaukar ƙurar fure daga wata bishiya zuwa wata a kuka da ɗorawa, masu cin ƙwari kuma suna rage ƙwarin gona.

Me ya sa makirfon wayarka ba zai iya ba?

Kafin kwamfuta ta adana sauti, sai ta riƙa ɗaukar samfurinsa sau dubbai a sakan. Ƙa'idar ita ce dole yawan samfurin ya ninka sautin da ake so a kama aƙalla sau biyu. Wayoyi galibi suna ɗaukar samfuri 44,100 ko 48,000 a sakan, don haka iyakarsu kilohaz 22 zuwa 24. Jemagen da ke kuka a kilohaz 45 ya wuce da saninsu.

Saboda haka ake amfani da na'urori na musamman. AudioMoth wata 'yar ƙaramar na'ura ce da ta fito daga masu bincike na jami'o'in Southampton da Oxford a Ingila, tana aiki da batir uku da katin memori, kuma tana iya ɗaukar samfuri 384,000 a sakan. Akwai kuma Echo Meter Touch na kamfanin Wildlife Acoustics, wanda ake maƙalawa a jikin waya. Amma akwai cin wuri. Samfuri 384,000 sau bayit 2 ya zama kilobayit 768 a sakan, wato kusan megabayit 46 a minti, ko gigabayit 2.8 a awa guda.

Hanya ta farko: sauko da ainihin kukan

Mafi sauƙi shi ne a rage gudun sautin. Idan ka rage shi sau 10, kukan kilohaz 45 zai dawo 4.5, sakan ɗaya kuma ya zama sakan 10. A nan za ka ji abin kamar kukan tsuntsu, da duk lanƙwasarsa. Wata dabarar ita ce na'ura ta haɗa kukan da wani sauti nata na ciki ta fitar da bambancinsu. Idan ka saita ta a kilohaz 44 jemage ya yi kuka a 45, za ka ji kilohaz 1 nan take, kamar ƙas-ƙas. Masu fasahar sauti kan jera irin waɗannan naɗe-naɗe, na cikakken daji a lasifika ɗaya, na wanda aka sare a wata, mai saurare ya ji bambancin da kansa.

Bernie Krause ya yi makamancin haka da tsuntsaye. Ya naɗi sautin wani wuri mai suna Lincoln Meadow a tsaunukan Kalifoniya a 1988, kafin a shiga a zaɓi wasu bishiyoyi a sare, ya koma a 1989. A ido dajin kamar bai canza ba, amma yawancin kukan tsuntsayen ya ɓace. A 2016 aka baje kolin naɗe-naɗensa a gidauniyar Cartier da ke Paris.

Hanya ta biyu: mayar da lambobi kiɗa

A nan jadawalin binciken ake ɗauka, a ba kowane ginshiƙi aikin da zai yi a cikin sauti. Sanannen misali shi ne aikin Nik Sawe na jami'ar Stanford a 2016, wanda ya ɗauki bayanan Lauren Oakes kan wata bishiya da ke mutuwa a gaɓar Alaska saboda ɗumamar yanayi. Kowace bishiya ta zama sauti ɗaya, kowane nau'i ya samu abin kiɗansa, matacciyar bishiya kuma ta zama shiru.

Da bayanan jemagu, za a iya tsara shi kamar haka. Kowane nau'i ya samu abin kiɗa ɗaya. Tsayin kukansa ya zama tsayin murya. Yawan wucewarsa gaban makirfo ya zama yawan bugu. Tafiyar lokaci a kiɗan ta zama tafiya daga tsakiyar daji zuwa bakinsa. A tsarin MIDI muryoyi lambobi ne daga 0 zuwa 127, don haka aikin manhajar shi ne ta karanta layi, ta mayar da lambar cikin wannan zango, ta buga. Layuka kaɗan na Python sun isa, ko manhajar Sonic Pi wadda kyauta ce.

Inda za a iya yaudarar mai saurare

Mai tsarawa ne ke zaɓar abin kiɗa da gudu da salo. Idan ya sa sauti mai ban tausayi a wurin da aka sare, mai saurare zai ji baƙin ciki ko da lambobin ba su nuna wani babban canji ba. Aikin kirki yana bayyana ƙa'idar da aka bi, kuma yana amfani da ƙa'ida ɗaya a duk wuraren da ake kwatantawa.

Makirfon ma yana da son kai. Wasu jemagun Kudancin Amurka masu hanci kamar ganye suna kuka a hankali sosai har ba sa shiga naɗi sai sun matso kusa, shi ya sa masu bincike ke haɗawa da raga don kama su a ƙirga. Shiru a cikin fayil ba lallai ne ya nuna babu jemage a wurin ba. Haka kuma manhajojin da ke gane nau'i daga kuka sun fi ƙwarewa a jemagun Turai da Arewacin Amurka, don can aka fi tara samfurin da aka horar da su. Na Afirka har yanzu akwai giɓi babba, kuma wannan fili ne ga matasanmu masu rubuta manhaja.

Yadda za ka gwada

Ba sai ka sayi na'ura ba. Shafin xeno-canto, wanda aka sani da kukan tsuntsaye, yanzu yana ɗauke da na jemagu. Sauke fayil ɗaya, ka duba sharaɗin lasisinsa, ka buɗe shi a manhajar Audacity a kwamfuta. Ka zaɓi rage gudu irin wanda ke saukar da murya tare da shi, don akwai wani zaɓin da ke rage gudu ya bar muryar a inda take, wanda ba zai amfane ka ba. Ka rage sau 10, ka sa abin saurare a kunne da ƙara kaɗan. Daga nan ka nemo kukan jemagen fili da na cikin daji, ka jera su a layi biyu, ka saurari yadda suka bambanta.