Wa Zai Karɓi Goyon? Aikin Renon Yara a Batsari da Safana Bayan Watsewar Ƙauyuka

A ƙauyukan gefen Dajin Rugu, daga Ruma da Wagini a ƙasar Batsari har zuwa Runka da Zakka a ƙasar Safana, renon yaro bai taɓa zama aikin mace ɗaya ba. Idan cikin fari ya tsufa, gidan iyayenta yarinya take komawa goyon ciki. Ungozoma ce za ta yanke cibi. Kaka ko goggo ce za ta tsaya kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. In lokacin yaye ya zo, a kai yaro ɗakin kaka, ta yi ta lallashinsa da fura da tatsuniya har ya manta nono. Tsakanin haka kuma akwai yayarsa mai goyo, akwai kishiyar uwa, akwai maƙwabciya da za a leƙa ta katanga a ce ta sa ido. Babu mai albashi a cikinsu. Ungozoma ma ɗan hatsi take samu, da sabulu, da kasonta na naman suna.

Wannan tsari ne ya tsinke, kuma abin da ke neman maye gurbinsa shi ne batun wannan rubutu: reno yana komawa aikin da ake koyo a makaranta, ake ɗaukar mutum a kansa, ake biya. Sauyin yana tafiya da sauri a inda ba a shirya masa ba.

Sanadin farko kowa ya san shi: hare-haren 'yan bindiga. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji, har mutanen Batsari suka ɗauko gawarwakin suka kawo birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Waɗanda ba su shiga ba sun fi yawa: a zo da dare a kora shanu, a ɗauke matar aure, a ɗora wa gari haraji kafin a bari a yi shuka ko girbi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda gudu yake raba dangi. Ba gari guda ake tashi a sauka wuri guda ba. Uwa da ƙananan yara su nufi cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, su raɓa a gidan wani ɗan'uwa ko kango ko ajin makaranta. Miji, in yana raye, ya tafi cirani ko haƙar ma'adini. Tsohuwa ta ƙi tashi, ko ta bi wani ɗan nata zuwa wani gari, wasu ma har ƙasar Maraɗi. Hannuwa biyar ko shida da ke karɓar jariri sun koma biyu.

Sanadi na biyu aljihun mace ne. Akuya da tunkiya su ne bankin matar karkara. Da su take sayen magani, da su take yi wa yaro kayan sallah, kuma saniyar gida ko ta maƙwabtan Fulani ita ke sa nono a cikin furar yara. An sace wasu, an sayar da sauran an biya kuɗin fansa. Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin da ke fama da matsalar, aka taƙaita harkar kasuwannin dabbobi da sayar da fetur a jarka. An yi ne don a matse 'yan bindiga, amma mai ƙuli-ƙuli da mai dakau su ma sun ji a jika. Sai cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sai rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin wannan shekarar, wanda ya taɓa duk mai cin abinci ta hanyar Jibiya. Uwar da a da take sana'arta a tsakar gida da goyonta a baya, yanzu tun asuba ta fita wankau ko surfe ko bara. Ɗan wata goma yana hannun 'yar shekara bakwai, wadda ita ma reno take buƙata.

Sakamakon da ake iya ƙirgawa shi ne tamowa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da ke aiki a Jihar Katsina tun 2021, ta bayyana cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar, bayan ta duba kusan yara 70,000 masu fama da ƙarancin abinci. Adadin na cibiyoyinta ne kawai, ba na ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu ba, kuma bai haɗa da yaron da ya cika a kan hanya ko a ɗaki ba. Akwai kuma wanda ma'auni ba ya kamawa. Yaron da aka sha toshe wa baki a cikin gero don kada kukansa ya tona maɓoya, yaron da ke razana da ƙarar babur, uwar da baƙin ciki ya sa ta daina yi wa jaririnta wasa da tawai. Masana lafiya suna ƙirga kwana 1,000 daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu a matsayin lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi ginuwa, kuma ba abinci kaɗai ke gina ta ba. Magana da wasa da kwanciyar hankalin mai riƙo duk suna ciki. A ganina wannan ɓangaren ne aka fi sakaci da shi, domin ba ya kumbura ƙafa balle a gani.

To su wa suka shigo cikin giɓin? Galibinsu mata ne, kuma 'yan ƙasa. Akwai ma'aikatan lafiya na matakin farko da suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya irin ta Kankiya. Akwai 'yan sa-kai masu bi gida-gida, waɗanda aka fara tarawa a zamanin yaƙi da shan-inna, da waɗanda hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta shigo da su ƙarƙashin shirin CHIPS daga 2018. Su ne masu ɗaure wa yaro ɗan ma'aunin nan a damtse: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya asibiti. Akwai ƙungiyoyin iyaye mata da ake koya wa haɗa garin kunu daga gero da waken suya da gyaɗa. Akwai malaman Islamiyya mata, waɗanda ba a sa su a lissafin kowace ma'aikata, alhali a unguwanni da yawa su ne kaɗai ke tara 'yan shekara uku zuwa biyar a inuwa ɗaya kullum. Sannan akwai malamar ajin share fage a firamare, a inda aka dace da ita.

Adalci ne a faɗi alherin wannan sauyi, domin tsohon tsarin ba duka ne ya yi kyau ba. Kakar da ke tsaye kan mai jego ita ce kuma takan sa a matse dakashi a zubar, a ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo tun ranar farko, a kira wanzami ya cire beli. Ma'aikaciyar da ta yi karatu ta san dakashi shi ne rigakafin farko, ta san nono zalla na wata shida ya wadatar ko da zafin bazara. Yara suna rayuwa saboda wannan sani. Bugu da ƙari, aikin ya buɗe wa 'ya'ya mata ƙofar da iyaye da mazaje ba sa ƙyama. Uban da zai yi jinkirin barin 'yarsa wani aikin, da wuya ya hana ta aikin asibiti ko koyarwa, musamman da yake shi kansa ba ya son namiji ya duba matarsa.

Amma ƙafar da aikin ke tsaye a kai ba ta da ƙarfi. Mafi yawan matan nan alawus ake ba su, ba albashi ba, kuma alawus ɗin yana bin rayuwar shirin da ya kawo shi. Da Amurka ta yanke tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025, wasu ƙasashen Turai ma suka rage, an ga yadda aikin ciyar da yara a Arewa ya dogara da aljihun baƙo. Matar da ta shekara shida tana bin lungu, ta san kowane gida mai ciki da kowane yaro da bai cika rigakafi ba, rana ɗaya sai a ce shiri ya ƙare. Ba ta da takardar ɗaukar aiki, ba ta da matakin da za ta hau, ba ta da fansho. Iliminta ya koma ɗaki tare da ita.

Masu takardar kuma tsaro ya hana su zama. Ba na ganin laifin ungozomar asibiti da aka tura wani ƙauye a bakin daji ta nemi sauyin wurin aiki, ko malamin da ya kwashe iyalinsa ya mai da su birni yana zuwa jefi-jefi. Ma'aikacin gwamnati yana cikin waɗanda masu garkuwa ke ɗauka da tsada. Abin da wannan ya haifar shi ne, inda buƙata ta fi tsanani nan ne ƙwararru suka fi ƙaranci.

A fannin makaranta, doka ba ta gaza ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, an fitar da manufar ƙasa kan renon yara a 2007, kuma manufar ilimi ta 2013 ta sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita tana nan Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, tana yaye masu NCE. Sai dai a aikace ajin ƙananan shi ne na ƙarshe a rabo. In malamai sun yi kaɗan, shi ake fara bari. In ɗaki ya yi kaɗan, shi ake mayarwa gindin bishiya. Malamar ajin kuwa kallon mai raino ake mata, ba kallon malama ba, kuma da wuya ka ji an ce daga nan aka ɗauko shugabar makaranta ko jami'ar sa ido. Muddin haka ne, duk mai ƙwazo za ta nemi aji shida.

Nan ne maganar shugabanci ta shigo. Masu yanke shawara kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rarrabu: ma'aikatar lafiya, hukumar ilimin bai-ɗaya, ma'aikatar mata, ƙaramar hukuma, ƙungiyoyin agaji. Kowa da nasa fom, yaron kuwa guda ne. A ƙasa kuma kwamitocin gunduma da na makarantu yawanci maza ne, masu aikin mata. Ba ina cewa a ture maza ba. Akasin haka ma. Ba a ci galabar shan-inna ba, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da ainihin ƙwayarta a watan Agustan 2020, sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba. Kalma ɗaya daga Sarkin Ruma, Hakimin Batsari, ko Yariman Katsina, Hakimin Safana, ko limamin Juma'a, kan mai gida ya bar iyalinsa zuwa awo ko ya daina sayar da abincin tamowar ɗansa, ta fi tallan rediyo goma. A Damagaram an gwada makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyali, kuma a Mirya an koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu. Dukkansu ƙasar Hausa ne, ba sai an haye teku ba. Abin da ya rage shi ne matar da ke riƙe da littafin sunayen yaran gunduma ta samu kujera a inda ake rabon kuɗi.

Ga mai tambayar ko wannan ƙaramin aiki yana da riba, akwai gwajin da aka yi a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1986 da 1987. Ma'aikatan lafiya na unguwa, ba likitoci ba, suna ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawu, aka tarar abin da yaran ke samu ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Irin wannan aiki ba ya neman gini ko injin. Mace yake nema wadda aka horar, ake biya a kan kari, kuma ake duba aikinta. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta nuna a watan Oktoban 2023 cewa ana iya ɗaukar 'yan ƙasa, a horar da su, a sa su a albashi don su tsare garuruwansu. Hujjar da ta sa aka zaɓi ɗan gari a wancan aikin, wato ya san hanya kuma ba shi da inda zai gudu ya bar iyayensa, ita ce dai hujjar ɗaukar 'yar gari a wannan. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, in ya tabbata a aikace, ya rage wa shugabannin Batsari da Safana uzurin cewa ba su da abin biya.

Sulhun da al'ummomi suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 ya sa wasu hanyoyi sun buɗe, wasu mutane sun koma gonakinsu. Ana ta muhawara kan ɗorewarsa, kuma mutanen da suka ga yadda sulhun 2019 ya ƙare suna da dalilin ɗari-ɗari. Amma ko yaya ya kasance, ya fito da wasu yaran da aka daɗe ba a zancensu: na rugage da na cikin daji, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin allurar rigakafi ko allon makaranta ba, sun buɗe ido sun ga bindiga a rataye a inda sanda take a da. Makaranta da asibiti da ruwa suna cikin abin da ake ta ambata a wuraren zaman sulhun. Ginin zai iya tashi cikin wata uku. Wadda za ta yarda ta shiga ajin, iyayen ɓangarorin biyu su amince su miƙa mata 'ya'yansu, sai an nemo ta tun yanzu daga cikin 'yan matan Runka ko Wagini da suka gama sakandare, a biya mata karatu a Dutsin-Ma ko Kankiya da sharaɗin komawa gida. Yaran da aka haifa a shekarar harin Tsauwa suna cika shekara shida a 2026, shekarun shiga aji ɗaya ke nan, kuma da yawansu za su zo ne ba tare da sun taɓa riƙe alli ba.