Leɓen Fiffike: Ɗora Shi da Daidaita Nauyinsa a Jirgin Sama Ƙirar Gida

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai al'adar mutum ya harhaɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa a gida, doka kuwa ta yarda, muddin shi ne ya yi mafi yawan aikin. Tun 1953 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta EAA, wadda ke taro kowace shekara a garin Oshkosh. Irin waɗannan jirage ba baƙi ba ne gare mu, domin Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna don horar da mayaƙan sama na Nijeriya, daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi. Wannan maƙala za ta dubi wani ɗan sashe na fiffiken jirgin, wanda a nan muka kira leɓe, wato fallen da ke maƙale a gefen baya na fiffike, yana ɗagawa yana sauka.

2.0 Ɗora leɓe

Idan matuƙi ya tura sandar tuƙi dama, leɓen dama zai ɗaga, na hagu ya sauka, sai jirgi ya karkata dama. Saboda haka wajibi ne hinjin da ke riƙe da leɓe su zauna a kan layi ɗaya, kuma maƙeri kan ja zare ta ramukansu don ya tabbatar. Leɓe ya riƙa motsi ba tare da cijewa ba, amma kada ya yi sako-sako. Daga nan sai a auna iyakar ɗagawarsa da saukarsa da ma'aunin kusurwa, bisa adadin da mai zanen jirgin ya ƙayyade. Galibi ɗagawa takan ɗara sauka, domin leɓen da ya sauka ya fi jan iska, yakan kuma fizgi hancin jirgi zuwa ɓangaren da ba a nufa ba.

3.0 Daidaita nauyi

Mafi yawan jikin leɓe yana bayan hinji ne. Idan guguwa ta bugi fiffike ya yi sama, nauyin leɓe kan sa ya yi saura a ƙasa, wannan kuwa sai ya ƙara tura fiffiken sama. Da ya dawo, sai abin ya juya. Idan gudun jirgi ya kai wani matsayi, kai-komon nan yakan zama karkarwa mai ciyar da kanta, wadda kan karya fiffike cikin 'yan daƙiƙoƙi. Theodore Theodorsen ya bayyana lissafinta a 1935.

Maganin shi ne a sanya nauyi a gaban hinji, ko dalma ko ƙarfe. A RV-6, bututun ƙarfe irin na ruwan famfo ake cusawa a goshin leɓe. Wajen gwaji, akan cire sandar da ke tura leɓen, a ɗora shi bisa kaifin ƙarfe biyu daidai layin hinji, a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, a ga ko bayansa zai rinjaya fiye da yadda aka ƙayyade. Dole ne a maimaita gwajin bayan fenti da bayan kowane gyara, domin fenti ma nauyi ne, kuma yawancinsa bayan hinji yake kwantawa.

4.0 Kammalawa

Ƙwarewa ba ta kare mutum daga wannan haɗari. Steve Wittman, gwanin ƙera jirage wanda filin jirgin Oshkosh ke ɗauke da sunansa, ya rasu tare da matarsa ranar 27 ga Afrilu, 1995, a jihar Alabama, yana da shekara 91. Bincike ya nuna cewa yadin da aka lulluɓe fiffike da shi ne ya ɓalle, karkarwa ta kama leɓe da fiffike, jirgin ya wargaje a sama. Ke nan, ɗaurin leɓe, da lulluɓinsa, da nauyinsa, duka ukun sai an bincika su kafin jirgi ya bar ƙasa.