Adana Kayan Ɗinki A Gida: Yadda Riba Take Zurarewa Ta Kafar Allura

A kowace shekara, da zarar watan azumi ya raba tsakiya, gidajen masu ɗinkin hannu a cikin birnin Zariya da na Kano sukan koma kamar ƙananan ma'aikatu. Fitila ba ta mutuwa sai dare ya yi nisa, yara kuwa suna ta kai da kawowa tsakanin ɗakunan iyayensu mata da rumfunan masu sayar da zare. A daidai wannan lokaci ne kuma akan yawaita jin rigima tsakanin masu ɗinki da masu kaya. Wannan ranar da aka sa masa ta karɓar hula ta wuce, wancan an gama masa wuyan riga amma zaren gefe guda ya fi na ɗaya gefen duhu, wani kuwa an nemi ƙyallen aljihun rigarsa sama da ƙasa an rasa.

In aka bi diddigin irin waɗannan rigingimu, sai a tarar da wuya a ce rashin gwaninta ne ya jawo su. Abin da ya fi jawo su shi ne mai ɗinki ba ta san inda ta ajiye kayanta ba, ba ta san yawan abin da ya rage mata ba, wani lokaci ma ba ta iya rabe na wane da na wane. Wannan magana ta shafi ma'aikatan gwamnati da yawa, domin ɗinkin da matansu suke yi shi ne ke toshe kafar da albashi ya bari. Ta kuma shafi ɗalibai, waɗanda da yawansu da kuɗin ɗinkin hula suke sayen littattafai.

Yadda sana'ar ta shiga cikin gida

A da, ɗinkin babbar riga aikin maza ne, musamman malamai da almajiransu, waɗanda sukan zauna a zaure ko a gindin itace suna yi. Haka David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tarar da al'amarin sa'ad da ya yi bincikensa a kan adon tufafin Hausawa, wanda ya kammala a 1979. Mata kuwa an fi saninsu da kaɗi, watau su ne ke samar da zare da abawa. Manyan riguna irin su aska takwas akan ɗinka su da zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke zama a jikin itatuwa, ko kuma da alharinin da fatake suke kawowa daga Tarabulus ta hamada.

Daga wajen shekarun 1970 zuwa na 1980 sai al'amari ya sake. Kaɗi ya ja da baya saboda zaren masaƙu, maza da yawa suka koma aikin albashi, mata kuwa suka karɓi allura, da fari a ɗinkin huluna irin su Zanna Bukar, daga baya har manyan riguna. Da haka sana'ar ta tashi daga zaure ta koma ɗakin mace, inda ake renon yara, ake ajiye kwanuka da tufafi, a wani gidan ma har da hatsi.

Har wa yau, rigar hannu ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Akwai mai zane, akwai mai ɗinkin ado, akwai telan da zai harhaɗa, sa'an nan a kai wa masu bugu. Sau da yawa gunduwa-gunduwa ake raba ta, aljihu a wannan gida, baya a wancan, yaro ne kuma ɗan aike a tsakani. Saboda haka duk abin da ya ɓace a ɗaki guda, aikin mutum huɗu ko biyar ne ya tsaya.

Zare shi ne jari

Mafi yawan zaren adon da ake amfani da shi yanzu daga ƙasashen waje ake shigo da shi, don haka kuɗinsa yana bin darajar naira. Ya yi tsada bayan da aka karya darajar naira a 1986, ya kuma sake tashi bayan da aka sake ta ga kasuwa a 2023. Mai ɗinkin da ta bar zarenta ya cukurkuɗe a cikin kwalla, tamkar kuɗi ta zuba a ƙasa.

Ya kamata a san yadda masu yin zaren suka tsara shi. Ƙullin zaren auduga na ado irin na DMC, wanda ake yi a garin Mulhouse na Faransa, da irin na Anchor, tsawonsa mita 8 ne, kuma sili 6 aka tufke wuri ɗaya. Ashe ke nan in aka warware shi, sili ɗaya-ɗaya mita 48 ne. Kowane ƙulli yana zuwa da 'yar takarda a naɗe a jikinsa, mai ɗauke da lambar launi. Alal misali, baƙi a wurin DMC lamba 310 ne, a wurin Anchor kuwa 403. Wannan 'yar takarda ita ce abu na farko da yawancin mutane suke yagewa su yar, alhali kuwa ita kaɗai ce shaidar launin. Idan zare ya ƙare a tsakiyar aiki, aka aiki yaro kasuwa da cewa ya sayo shuɗi, to, sai abin da ido ya gani, domin shuɗi iri-iri ne.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yanka kwalin sabulu ko na sukari ƙanana-ƙanana, a naɗe kowane launi a kan nasa, a rubuta lambar da sunan kamfanin a jiki, a jera su a tsaye cikin gwangwani mai murfi, ja a wuri ɗaya, kore a wuri ɗaya. Bugu da ƙari, ko da lamba ɗaya ce, zaren da aka rina a lokuta dabam-dabam yakan ɗan bambanta. Dalili ke nan da ya sa ya fi kyau a sayi duk zaren da aiki zai ci a karo guda. Zaren da ba a amince da shi ba kuwa, tun da akwai jabu a kasuwa, sai a jiƙa guntunsa a goga a farin ƙyalle kafin a fara aiki. In yana zuba, gara a gani tun a ɗaki, kada sai hula ta je hannun mai wankin hula asiri ya tonu.

Abokan gaban kayan ɗinki

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. Da damina, musamman a watan Agusta sa'ad da ruwa ya fi yawa, danshi yakan sa allura da almakashi su yi tsatsa, yadi kuma ya yi fumfuna. Allurar da aka bari a soke a jikin farar shadda mako guda tana iya barin tabon tsatsa wanda wanki ba ya fitarwa. Da hunturu kuwa ƙura ce ke shiga ko'ina, ta dushe farin zare. Rana ita ma tana cin launi, saboda haka ba a ajiye zare a bakin taga.

Sai kuma ƙwari. Gara tana cin yadi da kwali da akwatin katako, ta ƙasa kuma take biyowa, don haka a ɗora akwati a kan duwatsu ko benci, a ɗan janye shi daga jikin bango. Asu ya fi son ulu da siliki, watau kayan masu saƙar kwarashi da masu zaren tsamiya, kuma ya fi kama abin da aka ajiye da datti ko gumi a jiki. Ɓera da kyankyaso kuwa ƙanshin abinci ne ke kiransu. Gwangwanin madara ko na alewa da za a zuba kaya a ciki, lalle a wanke shi ya bushe sarai tukuna. Adudu da kwando suna da kyau ga yadi domin iska tana ratsa su, amma ƙananan kaya irin su maɓallai da duwatsun ado da zif sun fi son kwalba ko batta mai rufi, kowanne da tasa.

Akwai wani gargaɗi game da kafur. Fararen ƙwayoyin nan da ake jefawa cikin akwati don korar ƙwari, yawancinsu da sinadarin naftalin ake yin su. Likitoci sun tabbatar cewa yana fasa ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, har ya jawo musu shawara mai tsanani, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a Nijeriya, musamman ga 'ya'ya maza. Saboda haka kada a sa kafur a inda ake ajiye ulu ko yadin kayan jarirai. Shanya kaya a inuwa a kakkaɓe su lokaci-lokaci, tare da rufe su da kyau, ya wadatar.

Allura da yara

Hausawa sun ce allura ta tono garma, a ɗakin da yara ke rarrafe kuwa maganar ta wuce karin magana. Allurar da ta faɗa a tabarma tana iya karyewa a tafin ƙafa, har sai an ɗauki hoto a asibiti an yi aiki kafin a ciro ta. Riƙe allura ko fil a baki al'ada ce mai haɗari, domin tari ko dariya kaɗai sun isa su tura ta cikin maƙogwaro. Yaron da ya haɗiye allura, asibiti za a kai shi nan take, kada a tsaya ƙoƙarin sa shi amai.

Maganin wannan shi ne ƙidaya. Mai ɗinki ta san yawan alluran da ta fito da su da safe, ta kuma tabbata sun cika kafin ta tashi. A ɗinka ɗan matashi ƙarami na soke allura, a kuma ajiye guntun maganaɗisu don tsince wadda ta faɗi. A lura kuma da lamba: a allurar hannu, gwargwadon girman lamba gwargwadon sirantarta, amma a ta keken ɗinki akasin haka ne, lamba 16 ta fi lamba 11 kauri. Almakashin yadi a keɓe shi, kada yara su yanka takarda da shi, don takarda tana dakusar da kaifi. Keken ɗinki, ko Singer ne ko Butterfly, a rufe shi in an gama, a kuma sa masa man keke kawai, domin man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo.

Littafin lissafi

Duk wannan tsari bai cika ba sai da rubutu. Littafin rubutu guda na 'yan makaranta ya isa, a raba shi biyu. A kashi na farko a rubuta kowane aikin da aka karɓa: ranar karɓa, sunan mai kaya, irin aikin, lambar zare da ƙulli nawa aka kawo ko aka saya, kafin alƙalamin da aka bayar, ranar alkawari, da abin da ya saura a biya. Kowane aiki kuma a sa shi a jakarsa dabam tare da zarensa, da 'yar takarda mai sunan mai shi. A kashi na biyu a jera kayan da ke gida, a soka guntun kowane zare kusa da lambarsa, a riƙa ƙidayawa a ƙarshen kowane wata.

Amfanin wannan yana da yawa. Mai ɗinki za ta san ƙulli nawa hula guda take ci, ta yanka farashi bisa sani. Za ta ga launin da ya kusa ƙarewa ta saya tun kafin cunkoson Salla, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In gardama ta tashi a kan kuɗi ko rana, littafi ne shaida. Ko rashin lafiya ta kama ta, 'yarta ko abokiyar zamanta tana iya buɗewa ta mayar wa kowa da kayansa. Abin da ya fi duka, za ta iya raba kuɗin zare da kuɗin cefane, don cakuɗa su ne ke cinye jarin mata da yawa ba tare da sun ankara ba.

Rashin iya boko ba hujja ba ne. Wadda ta yi makarantar allo tana iya rubutawa da ajami. Tun kuwa da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantu sun yawaita, gidaje da yawa ba su rasa yaron da zai riƙe alƙalami. A nan ne ɗalibai za su taimaki iyayensu, su ma su koyi lissafin ciniki a aikace. Ma'aikacin da yake yini yana jera fayil a ofis kuwa, bai kamata ya ga ƙyashin sayen akwatin ƙarfe da kwado da littafi guda ga matarsa ba.

Yadin da ke cikin ɗakin mai ɗinki dukiyar mutane ce da aka ba ta amana, wani ma bashi ya ci ya saya don bikin 'yarsa ko don Salla. Kyan hannu yana kawo mai kaya karo na farko, amma wanda aka mayar masa da kayansa cif, a ranar da aka yi alkawari, har da ragowar zarensa a ƙulle, shi ne ke dawowa baɗi, ya kuma jawo wani.