Koyar da Tarihin Ƙasa da Tarbiyyar Ɗan Ƙasa a Makarantun Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda darasin Tarihi ya fita daga makarantunmu, da yadda ya dawo, sa'an nan da hanyar da nake ganin malaman Ƙaraye da Rogo za su bi su koyar da shi tare da ɗan'uwansa, wato darasin tarbiyyar ɗan ƙasa. Na rubuta ta ne domin malaman firamare da na sakandare, da kuma dattawanmu, saboda aikin ba zai yiwu ba sai ɓangarorin biyu sun haɗa hannu.

Yadda Tarihi ya fita, da yadda ya dawo

Mu da muka yi firamare a farkon shekarun 1970 mun tarar da Tarihi da Labarin Ƙasa kowane yana zaman kansa. Bayan fitowar Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977 da soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai darasin Nazarin Zamantakewa ya riƙa cin gurbinsu a ƙananan azuzuwa. A 2007 aka fito da sabuwar manhajar ilmin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda ba ta ware wa Tarihi gurbi ba, kuma daga zangon karatu na 2009/2010 ya ɓace daga firamare da ƙaramar sakandare. Ya rage a babbar sakandare kawai, nan ma sai wanda ya ga dama ya zaɓa. A cikin wannan manhaja ne kuma darasin tarbiyyar ɗan ƙasa ya sami gindin zama.

Malaman jami'o'i da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya sun daɗe suna koke a kan wannan al'amari. A 2018 Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya ƙaddamar da sabuwar manhajar Tarihi. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin maido da darasin, ta kuma sanar da horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. A 2025 aka wajabta Tarihin Nijeriya daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, aka kuma haɗe shi da tarbiyyar ɗan ƙasa da Nazarin Zamantakewa a babbar sakandare.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2009 ya gama ƙaramar sakandare a 2018 ba tare da ya zauna ajin Tarihi ba. Yau ya haura shekara ashirin, ya isa jefa ƙuri'a, wani ma ya gama kwalejin ilmi an ba shi alli. Haka kuma malami 100 ba za su ishi jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 ba, domin idan aka raba, kowace ba za ta sami uku ba. Ashe ke nan nauyin ya koma kan malamin da ke cikin aji, da dattijon da ke zaune a ƙofar gida.

A fara daga gida

Ra'ayina shi ne a fara koya wa yaro abin da idonsa ke gani, sa'an nan a ja shi zuwa Kano, daga Kano zuwa Nijeriya. Ƙasarmu tana da abin da za a fara da shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma ake samunsa da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci Ƙaraye a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda masana ke sanya mulkinsa tsakanin 1582 da 1618. Sarkin ya zauna a Ƙaraye lokacin yaƙinsa da Katsinawa, ya yi galaba a kansu, kuma a Ƙaraye ya rasu. Malami ya tambayi yara: me ya sa sarki zai bar birni ya zo ya zauna a nan? Amsar tana kan taswira. Wannan yanki bakin iyaka ne, har gobe kuma Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Daga wannan tambaya guda yaro zai fahimci dangantakar Kano da Katsina da Zazzau, wato yaƙi da fatauci da auratayya.

Haka nan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soma a 1804. Jama'ar jihadi ta Kano a yammacin ƙasar ta yi hijira, kuma Ƙaraye na cikin garuruwan da ta ci kafin a karya Sarki Alwali a Ɗanyaya a 1807. Daga nan malami zai bi da yara zuwa sarautar Sulaimanu, da ta Ibrahim Dabo daga 1819, da shigar Turawa birnin Kano a watan Fabrairu na 1903, da haɗe Kudu da Arewa a 1914, da samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, da ƙirƙiro Jihar Kano ran 27 ga Mayu, 1967, da cire Jigawa a 1991. A kowace gaɓa tambaya ɗaya ce: a wannan lokaci wa ke mulkin garinmu, wa ake kai wa haraji, ina ake kai ƙara?

Tarbiyyar ɗan ƙasa a aikace

Aibin da na fi gani a wannan darasi shi ne hadda. Yaro zai kawo maka matakan gwamnati uku tiryan-tiryan, amma bai san wanda ke da alhakin gyara kasuwar garinsu ba. Maganin wannan shi ne a ɗaura kowane bayani a kan abin da ke kusa.

Alal misali, Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, da sanatoci 109, da 'yan Majalisar Wakilai 360, waɗanda 24 daga cikinsu na Jihar Kano ne. Ƙaraye da Rogo suna tura wakili ɗaya tare zuwa Majalisar Wakilai, suna kuma cikin mazaɓar sanatan Kano ta Kudu. A sa yaron Zarewa ko Beli ko Yammedi ya rubuto sunan mazaɓarsa, da kansilansa, da ɗan majalisarsa na jiha da na tarayya, da aikin kowanensu. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilmin firamare. Babi na huɗu ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa, sashe na 24 kuma ya jera wajibansa, har da biyan haraji da taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka. A koyar da su tare, kada yaro ya tashi da sanin haƙƙinsa kaɗai.

Madatsar ruwa ta Calawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a farkon shekarun 1990, aji ce sukutum. Aikin Gwamnatin Tarayya ne, ta kawo kamun kifi da noman rani, ta kuma tayar da ƙauyuka daga mazauninsu, ruwanta kuma yana shafar mutanen Haɗeja da na Yobe. Da ita za a nuna wa yaro yadda amfanin jama'a da haƙƙin mutum ɗaya suke cin karo, da dalilin da ya sa ake biyan diyya.

Batun masarauta

Akwai abin da malamai da yawa ke kauce wa, alhali yara suna jinsa a gida da rediyo. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, Alhaji Ibrahim Abubakar II ya zama Sarkin Ƙaraye mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dokokin jiha ta soke wannan doka, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu. A watan Yuli na shekarar aka kafa masarautu uku masu daraja ta biyu, wato Gaya da Rano da Ƙaraye, ta Ƙaraye ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo.

Shawarata ita ce malami ya faɗi abin da ya faru da shekarunsa, ya bayyana yadda ƙudiri ke zama doka, da matsayin kotu idan an yi jayayya, ya tsaya nan. A ajinsa akwai 'ya'yan kowane ɓangare, kuma duk ranar da ya nuna inda ya karkata, rabin ajin ya daina sauraronsa.

Rabon dattawa

Abin da ke cikin littafi game da garuruwanmu kaɗan ne, mafi yawa yana bakin tsofaffi. Ina roƙon shugabannin makarantu su riƙa gayyato dagaci ko limami ko sarkin kasuwa ko tsohuwar ungozoma sau ɗaya a zango, yara su yi tambaya su rubuta. Kowane ɗalibi ya rubuto asalin sunan unguwarsu, da jerin masu unguwanni, da sana'ar kakanninsa. A rubuta sunan wanda ya ba da labari da ranar da ya bayar. Idan riwayoyi biyu sun saɓa, a ajiye su duka, a koya wa yaro tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Wannan ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da ta san isnadi.

Makarantar da ta sami hali ta kai ɗalibanta Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda aka buɗe makarantar boko a 1909. Wadda ba ta samu ba, ta zaga da su fada da kufai da tsohuwar kasuwa.

Kammalawa

Gwamnati ta maido da darasi a takarda, saura littattafai da horar da malamai, kuma wajibi ne a ci gaba da neman su. Amma tattara labarin garuruwanmu ba ya jiran kasafin kuɗi, littafin rubutu da biro sun isa. Ina ba da shawara kowace makaranta a Ƙaraye da Rogo ta buɗe kundi guda na tarihin garinta, a ajiye kwafi a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, a aika wani ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. A fara da waɗanda suka fi tsufa. Allah ya sa mu dace, amin.