Bindigar tsaron gona a Garou: wace iri ce ta dace?

A Garou, cikin ƙaramar hukumar Malanville ta ƙasar Benin, a bakin kogin Kwara, gafiya da gadu da birai na yi wa manoman shinkafa da masara ɓarna. Mai son ya kare gonarsa da bindiga, sai ya san abin da zai saya.

Bindigar toka ta gargajiya tana watsa harsashi, ba ta da saiti daga nesa. Wadda ake ja wa sakata da hannu bayan kowane harbi ta fi ta daidaito, don zanen da ya murɗa a cikin bututunta na juya harsashin ya tafi a saiti. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga bututun wajen haske ka leƙa: zanen da ya murɗa a ciki ya fito sarai, babu tsatsa, bakin kuma bai lotsa ba. Kunamar ta saki ba tare da fizga ba. Ƙaramin harsashi mai lamba .22 ya ishi gafiya, amma gadu ya fi ƙarfinsa, raunata shi kawai zai yi. Kuma ko wannan ƙaramin yakan wuce kilomita 1 in ya kuskure, ga masunta da makiyaya a fadama.

Takarda ita ce kan gaba. Dokar Benin ta wajabta izinin riƙe makami da na farauta. Gandun dajin W na wannan yanki, da ƙungiyar African Parks ke kula da shi tun 2020, haramun ne farauta a tsakiyarsa. Da rashin tsaron da ke yankin yanzu, bindiga ba takarda na iya jawo wa manomi abin da ya fi ɓarnar gafiya.